Hanyar Goro da Tukunyar Zango: Abin da Za Mu Sani Kafin Ziyarar Iyalai

 

'Yan uwa, kun ji sanarwar da aka yi bayan sallar Juma'a, cewa kwamitin masallaci ya shirya wa iyalai da ɗaliban makaranta fita ta ƙarshen mako: a ziyarci tsofaffin masallatai, a ci abinci tare, a dawo gida. Ranar da muka zauna tsara tafiyar, samari duk bakinsu ɗaya, Larabanga suke so, daga nan a zarce dajin Mole a ga giwaye. Ni kuwa na ce a fara da Salaga. Wani daga cikinsu, yaron kirki ne, ya ce, "Malam, me ke Salaga ban da ƙura da tsofaffin rijiyoyi?" Ban ji haushinsa ba, domin ba laifinsa ba ne, laifinmu ne da ba mu faɗa musu ba. Aka tsayar da cewa Asabar Salaga, Lahadi Larabanga, ni kuma na yi alkawarin rubuta dalilina a wannan mujalla tamu.

Bari in fara da abin da kowa ya sani, wato abinci. Ka sauka a Kumasi ko Ankara da asuba, ka ga layin mutane gaban mai koko da ƙosai, Musulmi da Kirista, kowa na cewa a ba shi kokon Hausa. Da hantsi a koma wajen mai waakye. Wannan kalma ba komai ba ce illa wake, an gutsure ta ne daga shinkafa da wake, kuma har yau da karan dafi da kanwa ake ba ta launin nan ja. Da dare a ci tuwon zafi, wanda 'yan boko suka gajarta suna cewa TZ. Ga masa, ga fura, ga ƙuli-ƙuli, ga tubani. Ba ina cewa Hausawa ne suka koya wa mutanen ƙasar nan tuƙa tuwo ba, a'a. Dagwamba suna da sagim ɗinsu da wasawasa da daddawarsu tun kaka da kakanni. Amma me ya sa da abincin ya fita kasuwa, ya bi hanya har bakin teku, sai ya tafi da sunan Hausa? Amsar tana Salaga.

Goro ba ya yi a ƙasar Hausa irin yadda yake yi a kurmin Tonawa, wato Asante, alhali babu inda ake cin sa kamar Kano da Katsina da Sakkwato da Barno. Ba a ɗaura aure ko raɗa suna sai da shi. To wannan ɗan ƙwayar shi ya buɗe hanya. Littafin Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15. Kafin Hausawa ma, Wangarawa daga ƙasar Mali sun riga sun shigo ta yamma suna neman zinariya, kuma su ne farkon waɗanda suka kawo karatu da salla wannan yanki. Sarautar Gwanja ta tashi tare da limamanta, har malamansu suka rubuta tarihinsu da Larabci a tsakiyar ƙarni na 18, littafin da ake kira Kitabu Gunja. A Dagbon kuwa, Naa Zangina ne, wajen shekarar 1700, sarkin da aka sani da karɓar Musulunci da jawo malamai kusa da fada. Wanda ke shakkar zurfin wannan cuɗanya ya saurari Badagwambe yana lissafa ranakun mako, Atani, Atalaata, har zuwa Alahiri, ko ya tambaye shi sunan mai aski da kaciya, zai ce masa wanzam.

A tsakiyar ƙarni na 18 Tonawa suka rinjayi Gwanja da Dagbon. Ba su so fataken arewa su riƙa kutsawa cikin kurmi suna sayen goro a gindinsa, sai aka tsayar da ciniki a bakin iyaka, su kawo goro, fatake su same su a can. Salaga ce ta zama wannan mahaɗa, kusa da Kpembe inda sarkin yankin yake zaune, kuma a ƙarni na 19 babu kasuwar da ta kai ta a duk ƙasar da ke tsakanin kurmi da Kwara.

Ku kwatanta tafiyar a zuciyarku. Ayari ya tashi daga Kano bayan damina, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda fataucin Gwanja ya zame musu gado. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya, uban dawaki yana kula da biyan kuɗin fito da na sarakunan hanya. Jakuna ɗauke da kanwa da rigunan saƙi da jan fata da busasshiyar albasa. A haye Kwara, a ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, a faɗo Sansanne Mango ko a biyo ta Yendi, sannan Salaga. Wata biyu zuwa uku a hanya, komawa ma haka, ana kwance huhun goro ana yayyafa masa ruwa ana tsince wanda ya ɓaci. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826 yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura dubu, maza da mata. Ku lura da wannan, da mata. Su ne masu daka da dahuwa a duk inda aka yada zango, su ne kuma masu sayar da abin da suka dafa. Tarihin abincinmu nasu ne, ko da yake littattafai ba su riƙe sunayensu ba.

Inda ayari ya sauka ya kwana shi ne zango, kalmar da bakin mutanen Gana ya mayar zongo. Musulmin da ya yi wata uku a cikin ƙasashen da galibin mutanensu ba sa salla, me yake nema in ya sauka? Ruwan alwala, wurin da zai yi salla cikin jama'a, da naman da ya tabbata Musulmi ne ya yanka. Shi ya sa ayari ba ya tashi sai da malami, wanda zai ja salla, ya rubuta wasiƙa, ya raba gardama, ya raba gadon wanda ya mutu a hanya. Shi ya sa kuma duk zangon da ya daɗe har ya zama unguwa, za ka tarar da liman da sarkin fawa a cikinsa kafin a yi maganar wani abu. Baƙo yana sauka gidan fatoma, mai masauki ke nan, shi zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, matan gidan su ciyar da shi. Masallaci a ƙofar gida, tukunya a cikin gida, mahauci a bakin kasuwa. Haka Musulunci ya zauna a garuruwa da yawa na ƙasar nan ba tare da an zare takobi ba. Har yau in ka shiga mayankar manyan garuruwan Gana, yawancin masu riƙe da wuƙa Musulmi ne 'yan arewa, kuma wanda ba Musulmi ba ma ya saba da cewa nama sai na mahaucin zongo.

A nan zan ɗan ratse. Kwanakin baya wata yarinya a ajinmu ta ce mini ita ta fi natsuwa da kazar kankara da ake shigowa da ita daga ƙasashen waje, saboda an buga halal a jikin kwalinta, a kan naman mahaucin unguwarsu da babu wani tambari a kansa. Na yi dariya, daga baya kuma abin ya dame ni. Mahaucin nan tare muke sahu da shi da asuba. Ka san shi, ka san ubansa, ka san ya san abin da muka karanta a babin yanka na Risala: niyya, ambaton sunan Allah, yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da ɗage hannu ba kafin a gama. Ban ce tambarin ƙarya ne ba, kuma ban haramta wa kowa abin da aka shaida masa halal ne ba. Ina cewa ne kakanninmu sun gina wani abin da ya fi tambari ƙarfi, wato sanin juna, kuma 'ya'yanmu sun fara mantawa da cewa shi ma hujja ne.

Salaga ba kasuwa ce kaɗai ba, gari ne na karatu. Wanda ya fi shahara cikin malamanta shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, Allah ya jiƙansa, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, asalin gidansu Kabi. Ya biyo hanyar fatauci ya zauna a Salaga yana karantarwa. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, a kan zuwan Nasara, a kan talauci da wadata, a kan yaƙin da ya ci Salaga, har ya fassara diwanin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa. Ɗalibaina na Larabci, ku da kuke kuka da baiti biyar, ku ji wannan. Malamai da yawa na zongunan Gana, in aka bi salsalar karatunsu, sai an ratsa ta wurinsa.

To yanzu ga abin da ya sa na nace sai mun je, kuma shi ne mai nauyin faɗa. Ba goro kaɗai aka sayar a Salaga ba, an sayar da mutane. Tonawa sun ɗora wa Gwanja da Dagbon harajin bayi, sai aka riƙa kai hari kan ƙananan ƙabilun da ba su da sarauta mai ƙarfi domin a biya. Daga baya, a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, mayaƙan Zabarmawa ƙarƙashin Alfa Hano da Gazari da Babatu suka mamaye ƙasar Gurunshi, kuma da yawa daga waɗanda suka kama a kasuwar Salaga aka sayar da su. Babatu a Yendi ya ƙare rayuwarsa, ya rasu a 1907, kabarinsa yana can. Masu kamun suna salla, masu saye da yawa suna salla, kuma na tabbata da za ka miƙa wa ɗayansu mushe da ya zare maka ido. Naman da ke cikin akushinsa yankan Musulmi ne, babu shakka. Amma kuɗin da ya sayi naman fa?

Ba na zaune a kujerar hukunta matattu, Allah ne ya san abin da kowa ya tarar. Sai dai ba zan kira harin neman riba jihadi ba, domin babu kira zuwa ga addini a gabansa, babu sharuɗɗan da malaman fiƙihu suka gindaya a cikinsa, ƙauye ne ake faɗa wa da asuba a kwashe mata da yara. A Suratul Baƙara, aya ta 168, Allah ya haɗa halal da tsarki wuri ɗaya a maganar abin da za a ci. Hadisi na goma a cikin Arba'una na Imam Nawawi, wanda yaranmu suke haddacewa, misalin matafiyi ya kawo, mutumin da doguwar tafiya ta yamutsa, yana ɗaga hannu yana roƙo, alhali cinsa da shansa da suturarsa daga haram suke, aka nuna nisan amsa masa. Duk lokacin da na karantar da wannan hadisi, hanyar Gwanja nake tunawa. Kuma ba sai mun je ƙarni na 19 ba: mai tauye mudu a kasuwar Aboabo, da mai cin kuɗin marayu, da mai karɓar na goro a ofis kafin ya sa hannu, duk yankan Musulmi suke ci.

Za a nuna mana filin kasuwar, da rijiyoyin da ake cewa a nan ake shayar da bayi a yi musu wanka kafin a kai su ciniki, da marin ƙarfe da aka adana. Ina roƙon iyaye, kada a bar yara su mayar da wurin filin ɗaukar hoto da wasa. Kuma ku sani, a cikin motar da za mu shiga akwai jikokin masu saye, akwai jikokin waɗanda aka sayar, yau duk sahu ɗaya, wasu ma sun haɗa jini ta aure. Wanda na ji ya tsokani wani da kalmar ɗan bawa, ko da wasa ne, ni da shi ne.

Yadda Salaga ta faɗi ba shi da tsawo. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, Gwanjawa suka yi amfani da wannan dama suka kakkaɓe ikon Tonawa. Tonawa kuwa suka karkatar da goronsu zuwa Kintampo, wani kuma ya fara bin jirgin ruwa zuwa Ikko. Kasuwa ta fara ja da baya. Sai a 1892 rikicin sarautar Kpembe ya ɓarke ya zama yaƙin basasa, aka washe garin, fatake da malamai suka watse, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu Kumasi da Ankara. Alhaji Umaru ya koma Kete-Krachi, ya zama limaminta, a can ya rasu a 1934. Tsohon garin Krachin ma yanzu galibinsa yana ƙarƙashin ruwan tafkin Volta tun da aka gina madatsar Akosombo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: Jamusawa suka ci Dagwamba a Adibo a 1896, a 1899 kuma su da Ingila suka raba ƙasar, Yendi ta faɗa hannun Jamus, yammacin Dagbon hannun Ingila.

Daga wannan rabo Tamale ta samu. Turawan Ingila suka ɗauke hedkwatarsu ta arewa daga Gambaga suka kawo nan a 1907, garin da a da bai kai Yendi ko Savelugu suna ba. Sojoji da 'yan sanda suka zo, da yawansu Hausa suke ji, fatake da mahauta da malamai suka biyo su, tare da matan da za su dafa. Unguwar da muke kira Sabonjida, sabon gida ne. Ga Hausa Zongo, ga Moshi Zongo. Abin da aka watsar a Salaga, wani kasonsa nan ya zubo, har da kokon da kuka sha yau da safe.

Saboda haka kafin mu fita gari, ranar Juma'a bayan la'asar za mu taka da ƙafa daga babban masallacin Tamale zuwa masallacin Afa Ajura a Sakasaka. Manya sun san me ya sa na haɗa waɗannan biyu. Afa Yusuf Ajura, wanda ya kafa makarantar Anbariyya, ya rasu a 2004, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana sukar wasu ayyukan ɗariƙar Tijjaniyya, malaman Tijjaniyya suna mayar masa, kuma saɓanin bai tsaya a kan mumbari ba, ya shiga gidaje, ya raba 'yan uwa, wani lokaci har da doke-doke. Ina da ra'ayina a kan mas'alolin, ɗalibaina sun san shi, ba nan ne wurinsa ba. Abin da nake so yara su gani shi ne alƙibla ɗaya ce a masallatan biyu, kuma ko a shekarun da wani ba ya bin wani salla, ban taɓa jin wanda ya tsaya gaban mahauci yana tambayar ko mai yankan yana wazifa ba.

Larabanga ba za ta ɗauke mu dogon bayani ba, gani ya kori ji. Tana gaba da Damongo kaɗan, a yankin Savannah da aka yanke daga namu a 2019. Mutanen garin, Kamara, suna cewa an gina masallacin a 1421, masu binciken tarihi da dama kuma suna kai shi ƙarni na 17, zamanin da sarautar Gwanja ke kafuwa. Kada wani ɗalibi ya je ya buɗe gardama da masu masaukinmu a kan wannan, baƙo ba ya gyara wa mai gida tarihin gidansu a tsakar gidansa. Ginin ƙasa ne ƙarami, irin na Wangarawa, da hasumiya biyu, da itatuwa da suka fito daga jikin bango waɗanda ake takawa in za a yi yaɓe, da ƙofofi gajeru da sai ka sunkuya, ga tsohuwar kuka a gefensa. Akwai tsohon Alƙur'ani rubutun hannu da suke adanawa, ba kullum ake fito da shi ba, kada a matsa musu.

Abu ɗaya nake so masu sha'awar gini su duba. A shekarun 1970 aka shafe bangon da siminti da niyyar a ƙarfafa shi. Simintin ya hana ƙasar numfashi, danshi ya taru a ciki, gara ta cinye itatuwan, har hadari ya zo ya kayar da wani sashe. Sai a 2002, da wata hukumar kula da tsofaffin gine-gine ta duniya ta sa shi cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari, aka kankare simintin, maginan garin suka mayar da yaɓen ƙasa irin na iyayensu. 'Yan uwansa na Bole da Banda Nkwanta da Maluwe da Nakore duk irin wannan kulawa suke bukata kowace shekara, kuma kuɗin da za mu bayar a ƙofa na wannan ne, kada a yi ƙwauro. Dutsen nan kuma da ke bakin gari, wanda ake ba da labarai a kansa, ku kalla ku wuce. Ba a shafa shi don neman albarka, ba a roƙo a wurinsa.

Game da salla a hanya, Salaga da Larabanga kowacce ta haura kilomita ɗari daga Tamale, wato ta wuce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka iyakance, don haka za mu yi ƙasaru, sai dai wanda ya bi limamin gari ya cika tare da shi. Iyaye mata sun ɗauki nauyin waakye da soyayyun zabi na ranar Asabar, mahautan unguwa sun yi alkawarin nama, ranar Lahadi kuma a Damongo za mu ci, wurin masu abincin da kwamiti ya riga ya yi magana da su. A tashoshin hanya a lura da yara, ba duk abin da ke cikin ƙwarya ne kunu ba, akwai masu sayar da pito. Kowane gida ya zo da buta da tabarma, ɗalibai su zo da littafi da alƙalami, domin zan tambaye su ranar Litinin. Mota za ta tashi daga ƙofar masallaci da an sallame asuba, ba za a jira kowa ba, har ni.